Kafin ka tambayi megafiksel, tambayi shekara nawa ta rage wa wayar

A watan da ya wuce ƙanwata ta turo min hoton kwalin wata waya, ta ce, "Yaya, duba min wannan, mai shagon ya ce ita ake yayi." A jikin kwalin an rubuta abubuwa uku da manyan baƙi: kyamara mai megafiksel 108, RAM 8+8, batir 5000. Na ce ta karɓi wayar a hannu, ta shiga Settings, ta nemi About phone, ta ɗauko min hoton abin da ta gani. Mai shagon bai so ba. Ya ce shekara goma yana sayar da waya, ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Na yarda da shi, kuma abin da ya sa na zauna yin wannan rubutun ke nan.

Wayar sabuwa ce dal, ko ledarta ba a ɓare ba. Amma Android ɗin da ke cikinta ya yi baya da zubi uku, kuma rabon da kamfanin ya turo mata gyaran tsaro ya kusa shekara biyu. Wato ta tsufa tun tana cikin kwali. Ƙanwata turaren wuta da humra take sayarwa. A sitatus take talla, a WhatsApp ake ciniki, ta manhajar banki ake biyan ta. Kuɗin da za ta zuba a wayar nan ribar wata da watanni ce, kuma shagonta da asusunta gaba ɗaya cikinta za su koma.

Ra'ayina shi ne: duk wanda zai sayi waya yau, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce, wace babbar manhaja ce a cikinta, kuma zuwa wace shekara kamfanin zai ci gaba da sabunta ta? Kyamara, launi, siranta, duk su biyo baya. Na san akwai masu ganin wannan maganar 'yan boko ce da ba su san halin da aljihu yake ciki ba. Zan zo kansu, domin suna da hujja.

Babbar manhaja ita ce ke riƙe da komai a cikin waya. Ita ke raba wa sauran manhajoji batir da wurin aiki, ita ke yanke wa ke da izinin buɗe kyamara ko karanta saƙonninka, ita ce kuma ƙasan da WhatsApp da TikTok da manhajar bankinka ke tsaye a kai. Yau kusan duk kasuwar ta rage ga guda biyu: Android na Google, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, da iOS na Apple, wanda ya zo da iPhone a 2007. HiOS na Tecno, XOS na Infinix, One UI na Samsung, HyperOS na Xiaomi, duk Android ne aka ɗinka masa riga. Idan wani ya ce maka wayarsa ba Android ba ce, HiOS ce, ka ƙyale shi kawai.

Bari in faɗa maka abin da nake gani daga ɓangarenmu na masu gina manhaja. Ni daga sakandare na tsaya, aikin nan a YouTube da shafukan koyarwa na Google na koye shi, da wata tsohuwar laftof da ba ta riƙe caji. A duk manhajar Android da zan gina akwai layi guda da nake rubuta lamba a kai, kuma lambar nan ita ce mafi tsufan Android da manhajar za ta yarda ta hau. Idan na rubuta 24, na karɓi Android 7.0 zuwa sama. Idan na rubuta 26, daga Android 8.0 ke nan. Idan na rubuta 29, duk wanda bai kai Android 10 ba ya fita. Sauya lambar ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar. Amma daga ranar, mai tsohuwar waya zai shiga Play Store ya nemi manhajar ya rasa, ko a ce masa ba ta dace da wayarsa ba.

Na taɓa ɗaga lambar nan a wata manhajar lissafin kaya da na yi wa wasu 'yan kasuwa. Ba don mugunta ba: kayan aikin da na dogara da su ne suka daina tafiya da tsofaffin zubi, kuma ba ni da wayoyi goma da zan riƙa gwaji a kai. Washegari wani dattijo ya kira ni, ya ce, "Yaro, me ka yi wa wayata? Jiya lafiya lau take." Gaskiyarsa. Sikirin ɗinta ko ƙwarzane babu, batir ɗinta na kwana. Ni ne na rufe mata ƙofa, kuma ba ni da abin da zan ce masa sai haƙuri.

Abin da na yi a ƙaramin mataki, manyan kamfanoni na yin sa kullum. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba. A 2025 ya saki duk iPhone ɗin da ba ta iya hawa iOS 15.1, abin da ya fitar da 5s da 6 da 6 Plus. A shekarar nan dai Chrome ya daina sabunta kansa a kan Android 8 da 9. Kuma ka sani WhatsApp na cikin masu dogon haƙuri, domin yana son kowa. Manhajojin kuɗi, a abin da na gani, sun fi saurin juya wa tsohuwar waya baya, kuma ban ga laifinsu ba.

Waɗanda suka girme ni sun ga abin da ya fi wannan. An yi zamanin da idan ba ka da lambar PIN ta BlackBerry ba a lissafa ka cikin gayu. WhatsApp ya bar wayoyin a ƙarshen 2017, aka rufe BBM a watan Mayun 2019, a Janairun 2022 kuma kamfanin ya kashe sauran hidimomin tsofaffin wayoyinsa. Labarin Nokia ya fi taɓa ni. A 2011 ta zaɓi Windows Phone na Microsoft maimakon Android. A 2013 ta fitar da Lumia 1020 mai kyamarar megafiksel 41, a lokacin da iPhone ke da 8. Babu wayar da ta kama ƙafarta a hoto. Amma masu gina manhaja ba su bi ta ba, abin da abokanka ke amfani da shi ko ya zo a makare ko ya ƙi zuwa, a ranar 31 ga Disamban 2019 kuma WhatsApp ya tattara ya fita. Kyamarar nan mai 41 tana nan da kyanta a cikin durowoyin mutane.

Wannan ɓangaren da ake gani ke nan, wato manhaja ta ƙi hawa. Ɓangaren da ba a gani ya fi damuna.

A 2015 masu bincike suka bankaɗo wata ɓaraka a Android da aka sa wa suna Stagefright. Ta hanyar saƙon bidiyo na MMS kawai ana iya kutsawa cikin waya, a wasu wayoyin ko buɗe saƙon ba sai ka yi ba. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro duk wata, kuma yana wallafa jerin ɓarakokin da ya toshe a fili, kowa na iya karantawa. Tsaya ka yi tunani a nan. Jerin da ke gaya wa kamfanin waya abin da zai gyara, shi ne kuma ke gaya wa ɗan kutse inda ramin yake. Wayar da ta samu facin ta tsira. Wadda ba ta samu ba, an buga taswirar ramukanta a intanet, kuma duk wata ana ƙara sababbi. Kwanan watan da ke gaban Android security update a cikin saitin wayarka, shi ne ranar ƙarshe da wani ya zo ya duba katangar gidan.

Za ka ce, wa zai ɓata lokacinsa a kaina? Ba kai ake nema da suna ba. Taru ake jefawa, duk wanda ya faɗa shi ke nan. Kuma mu ne muka fi kowa buɗe ƙofa da hannunmu: GB WhatsApp da aka tura mana ta Xender, manhajar kallon ƙwallo kyauta daga wani shafin da ba mu san mai shi ba, wasan da aka ce an buɗe masa komai. A wannan wayar dai lambar sirrin da banki ke turowa take sauka, a cikinta hoton katin NIN yake, da lambar BVN da ka ajiye a saƙo don kada ka manta.

Sannan kariyar da muke buƙata a nan, yawancinta da sababbin zubi take zuwa. Sai a Android 6.0 aka fara tilasta wa manhaja ta nemi izininka kafin ta taɓa lambobin mutanenka. Wanda ya taɓa ganin yadda manhajojin bashi ke tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci ya san darajar wannan. Ɗigon nan kore da ke nuna ana amfani da kyamara ko makirufo, a Android 12 ya zo. A 2024 Google ya fitar da tsarin da ke kulle sikirin da kansa idan wayar ta ji alamar an fizge ta an ruga, kuma daga Android 10 yake farawa. Apple ya kawo tasa kariyar ta wayar da aka sace a iOS 17.3, wadda ke hana ɓarawo sauya kalmar sirrin asusunka ko da ya san lambar buɗe sikirin. Ga wanda ke zaune a garin da ake fama da ƙwacen waya, waɗannan ba kwalliya ba ne.

Don adalci, tun daga Android 10 Google na iya gyara wasu sassan babbar manhajar kai tsaye ta Play Store, ba tare da jiran kamfanin wayar ba. Wannan ya rage ɓarna sosai. Amma can ƙasa, inda manhajar ke magana da masarrafa da kyamara da na'urar sadarwa, sai kamfanin ya motsa.

To me ke hana su motsawa? Hanyar tana da tsawo. Google zai fitar da sabon Android. Kamfanin da ya ƙera masarrafar, MediaTek ko Qualcomm ko Unisoc, sai ya daidaita nasa ɓangaren. Daga nan kamfanin wayar ya ɗora rigarsa, ya gwada a kan kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya turo. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Shi kuwa kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsa tun ranar da ka biya. Idan yana fitar da samfura da yawa a shekara, kuma ribar kowace ƙarama ce, lissafinsa zai gaya masa gara ya sa injiniyoyin a kan wayar baɗi. Abu ɗaya ne ke sauya wannan lissafin: ya ga masu saye sun fara tambaya, ko hukuma ta tilasta masa.

Kuma inda aka tambaya, an samu. A Oktoban 2023 Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara 7. A Janairun 2024 Samsung ya yi irinsa a kan Galaxy S24. Waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne, amma a ƙarshen shekarar Samsung ya sauko da alkawarin shekara 6 kan Galaxy A16, wadda ke cikin sahun masu sauƙin kuɗi. Tecno da Infinix ma sun fara ambaton shekara biyu zuwa uku a kan manyan samfuransu, abin da a da ba ka ji ko kaɗan. A Tarayyar Turai kuwa, daga 20 ga Yunin 2025 doka ce: wayar da aka shigar kasuwarsu sai an ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da ita. Wannan dokar ba ta shafe mu ba. Wayar da aka yi don kasuwar Kano da Legas ba ta san da ita ba.

Ga wani tarko da ko masu sani ke faɗawa. Alkawarin daga ranar da aka fitar da wayar yake fara ƙirga, ba daga ranar da ka saya ba. Idan an ce shekara uku, kuma wayar ta yi shekara biyu a kasuwa, shekara ɗaya ka saya. Shi ya sa nake ba mutane shawara su riƙa raba kuɗin waya da shekarun da suka rage mata. A ce ga waya ta naira 180,000 da saura shekara biyu, ga wata ta 240,000 da saura shekara biyar. Ta farko 90,000 take ci a shekara, ta biyu 48,000. Wadda ta fi tsada a shago ita ce mai araha.

Yanzu ga iPhone, inda na san zan ɓata wa wasu rai. A fannin sabuntawa Apple ya daɗe da wuce kowa, kuma dalilin a fili yake: shi ke ƙera wayar, shi ke tsara masarrafar, shi ke rubuta manhajar, babu wanda zai jira. Ranar da sabon iOS ya fito, ranar duk wayoyin da suka cancanta ke samu. iPhone 6s ta fito a 2015 da iOS 9, ta yi ta hawa har iOS 15 na 2021. Idan kana da kuɗin sabuwa ko mai shekara biyu, ba ni da ta cewa.

Matsalar ita ce yawancinmu ba wannan muke saye ba. 'Yar Landan muke saye, wadda wani ya riga ya cinye mata shekarun. iPhone 7 ta tsaya a iOS 15. iPhone 8 da X sun tsaya a 16, don haka kariyar sata da na ambata ba za ta taɓa zuwa musu ba. XR da XS sun tsaya a 18. iOS 26 da ya fito a Satumban 2025 daga iPhone 11 ya fara, wato a lokacin 11 ce a bakin ƙofa. Apple kan ci gaba da turo wa tsofaffin facin tsaro jefi-jefi, amma masu gina manhaja lambar zubi suke kallo, kuma ka ga yadda muke yi da ita. Matashin da ya haɗa kuɗin da zai saya masa sabuwar Android mai shekara biyar a gaba, ya je ya sayi X don a ga tuffa a bayanta, ya sayi waya mai kyau ta 2017. Idan ya san haka kuma ya zaɓa, kuɗinsa ne. Abin da ba na so shi ne ya saya bai sani ba.

Akwai kuma wadda aka sauya wa jiki: a ɗauki cikin XR a zuba shi a gangar da ta yi kama da 13 Pro ko 14 Pro, har da zagayen kyamara uku, alhali ɗaya ce ke aiki. Wani mai sayarwar zai faɗa maka gaskiya, wani ba zai faɗa ba. Shiga Settings, General, About, ka karanta sunan samfurin, ka kuma buɗe kyamara ka ga ko akwai 0.5 a wurin zuƙowa. XR ba ta da shi. Kada ka biya sai mai ita ya cire asusunsa na iCloud a gabanka, an goge wayar, ka sa naka ya hau. Duba lafiyar batir, ƙasa da kashi 80 sauyi yake nema. Kuma daga iPhone 14 zuwa sama, waɗanda aka yi don Amurka ba su da wurin sa SIM, sai eSIM, don haka ka tabbata layinka zai iya komawa haka kafin ka ba da kuɗi.

Bari in koma kan kwalin ƙanwata, kan 8+8 ɗin nan. Takwas ta farko ce RAM. Ta biyun wani yanki ne aka yanko daga ma'adanar wayar, inda hotunanka ke zama, ana tura manhajojin da ba ka amfani da su can su jira. Ma'adana ba ta kusa da saurin RAM, balle irin ta eMMC da ake sa wa wayoyi masu araha. Dabarar tana ɗan taimakawa, amma kiran ta RAM 16 kamar mai ɗaki ɗaya ne ya haɗa da barandar maƙwabci ya ce ɗakinsa biyu. Megafiksel 108 ma haka: wayar kan haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, hoton da take ba ka a aikace na 12 ne, kuma kyansa ya fi dogara da girman idon kyamarar da yadda manhaja ke sarrafa hasken. Idan kuma ka ga an rubuta Go edition, Android ne da aka rage wa nauyi tun 2017 don wayoyi masu ƙaramar RAM. Ga kira da WhatsApp da sauraron karatu ya wadatar. Ga mai son buɗe banki da TikTok da taswira lokaci guda, zai sha jira.

Sai wayoyin da aka yi don kasuwar cikin China, waɗanda ke shigowa da farashi mai daɗi. Babu hidimomin Google a cikinsu daga kamfani, wani ne ke cusa Play Store daga baya, kuma sau da yawa sanarwar saƙo ba ta shigowa a kan lokaci. Huawei kuwa, tun da Amurka ta sa mata takunkumi a Mayun 2019, sababbin wayoyinta ba sa zuwa da Google. Gwajin ba wuya: buɗe Play Store, shiga Settings, About, ka duba ƙasa ko an ce Device is certified. Idan ba a ce ba, akwai manhajojin kuɗi da za su iya ƙin wayar.

To, ga masu cewa wannan duk maganar wanda ya ƙoshi ce.

Hujjarsu ta farko: mutum abin da ke hannunsa yake saya da shi. Wanda ke da 90,000 ba zai amfana da lissafin da ke cewa ta 240,000 ta fi araha ba. Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya ci bashi ba. Amma ko a cikin wayoyin 90,000 akwai ta bana, akwai ta shekara uku da ta kwana a sito, kuma sau da yawa bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Tambayar kyauta ce.

Ta biyu ta fi ƙarfi: a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, batir ya fi komai, sannan sauƙin gyara. Wayar da sikirin ɗinta zai fashe ka shiga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja a sauya maka kafin la'asar, ta fi wadda za a ce sai an yi odar kayanta. A nan dole a yaba wa Transsion, uwar Tecno da Infinix da itel. Sun zo da layi biyu, da babban batir, da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata, da shagunan gyara na Carlcare, a lokacin da manyan kamfanoni ke turo mana ragowar abin da suka yi wa wasu. Shi ya sa ba na ba ɗan nan shawarar Pixel da sauri duk da shekarunta bakwai: ba a sayar da ita a hukumance a Najeriya, kuma ranar da ta faɗi za ka gane. Waya mai dogon alkawari da babu mai gyaranta a garinku, alkawarin na takarda ne. Sai dai yau batir 5000 ya zama ruwan dare, kusan kowace waya a sahun tana da shi, don haka ya daina zama abin da ke raba gardama.

Ta uku: wa ke riƙe waya shekara shida? Ko a sace, ko ta faɗa ruwa, ko sabuwa ta fito ka canza. Kuma waya mai RAM 4 da ƙaramar masarrafa, ko an ci gaba da sabunta ta, a shekara ta biyar rarrafe za ta riƙa yi. Wannan ma na karɓa, rabinsa. Amma ka duba gidanku. Wayar da ka bari ba bola take tafiya ba. Ƙaninka ne ke gadonta, daga shi ta koma hannun Umma, ko ka kai ta kasuwa ka cika kuɗi ka ɗauki wata. Waya a nan tana yin rayuwa uku. Wanda ke riƙe da ita a shekarunta na ƙarshe, lokacin da facin tsaro ya daɗe da yankewa, yawanci shi ne wanda ya fi kowa saurin danna duk abin da aka turo masa. Kuma tun da naira ta faɗi a 2023 farashin waya ya yi sama, mutane da yawa da ke canzawa duk shekara sun koma lallaɓa ta hannunsu.

Abin da nake so in gani ba babba ba ne. Gwangwanin madara na ɗauke da ranar da zai lalace. Kwalin waya na da wurin rubuta megafiksel da baƙi kamar allon talla, don haka yana da wurin layi ɗaya da zai ce za a sabunta wannan wayar zuwa wata kaza na shekara kaza. Hukumar NCC ce ke amincewa da samfuran wayoyin da ake shigowa da su ƙasar nan, kuma ban ga abin da zai hana ta sa wannan cikin sharuɗɗanta ba. Mu ma masu rubutu da masu bidiyon buɗe kwali muna da laifi. Za mu yi minti goma muna juya waya a gaban fitila muna yabon launinta, ba mu ce uffan kan shekarunta ba, domin wannan ba ya kawo masu kallo.

Kafin a kai can, aikin naka ne, kuma bai wuce minti uku a shago ba. Duba lambar Android ko iOS, ka kwatanta da na bana. A 2025 Android 16 ne da iOS 26. Duba kwanan watan facin tsaro, sannan ka haɗa wayar da intanet ka nemi sabuntawa, domin wata ta daɗe a kwali ne kawai, gyaranta na jiran ta. Idan ta ce babu sabo alhali kwanan watan ya haura shekara, ajiye ta. Rubuta sunan samfurin a Google ka ga shekarar da ta fito da abin da kamfanin ya yi alkawari a shafinsa, ba abin da mai shago ya ce ba. Idan ka nema ka rasa alkawarin ko'ina, ka ɗauka babu. Danna *#06# ka ga ko lambar IMEI ta yi daidai da ta kwali. Bayan nan sai ka buɗe kyamara ka yi selfi son ranka.

Ƙanwata ba ta sayi waccan ba. Ta ƙara sati uku tana tari, ta cika kuɗi ta ɗauki wata mai megafiksel 50 da RAM 6, babu ƙari a gaba, wadda ta fito bana. Har yanzu tana min ƙorafi cewa waccan ta fi kyan baya, kuma cajar da ta zo a kwalin waccan ita sai da ta saya daban. Shekaranjiya ta turo min hoton sikirin ɗinta, wani saƙo ya fito yana neman ta sake kunna wayar don a gama sabuntawa, tana tambaya ko cuta ce ta shiga. Na ce ta sa ta a caji, ta danna.